Yadda Ake Jinyar Salwa Idan 'Yan Uwanta Sun Ji Mata Rauni a Keji

Duk wanda ya ɗan jima yana kiwon salwa a bayan gida ya taɓa cin karo da irin wannan safiya: ya buɗe keji zai zuba abinci, sai ya tarar da guda ɗaya ta takure a kusurwa, kanta jina-jina, an sassare fatar ƙeyarta har wani lokacin ana hango farin ƙashin kai. Salwar da ake kiwo a gidajenmu, wadda asalinta daga Japan take, aka kuma shigo da ita Najeriya a 1992, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ta yi fice wajen yaɗa irinta, tsuntsuwa ce mai saurin balaga. Cikin mako 6 zuwa 8 mazan sun fara cara, matan sun fara ƙwai, kuma a daidai wannan lokaci ne faɗa kan ɓarke a kejin da a da yake zaune lafiya. Abin da nake so mai kiwo ya riƙe tun daga farko shi ne, munin raunin a ido ya fi haɗarinsa yawa. Salwa tana warkewa daga raunin da mutum zai rantse ba za ta kwana ba. Abin da ya fi kashe ta shi ne jinkirin raba ta da sauran, da sanyi, da ƙuda, da kuma maganin da aka shafa mata da kyakkyawar niyya amma bai dace da jikinta ba.

Matakin farko shi ne a fitar da ita nan take, ba sai an gama zuba abinci ko an dawo daga kasuwa ba. Launin ja yana jan hankalin salwa kamar yadda yake jan hankalin kaji, don haka da zarar jini ya fito, har waɗanda ba su shiga faɗan ba za su riƙa zuwa suna kai sara, kuma ƙaramin rauni na iya zama na mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Kafin a sa hannu a keji a rufe ƙofa da tagar ɗakin, domin salwar da ta firgita sama take zabura, kuma idan ta kuɓuce da wuya a sake kama ta ba tare da an ƙara mata wahala ba. A ɗora tafin hannu a bayanta, a haɗe fuka-fukanta da jikinta, wuyanta ya fito tsakanin yatsa manuniya da na tsakiya. Kada a matse ƙirjinta ko kaɗan, saboda tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, kuma riƙon da mutum yake gani mai sauƙi ne yana iya shaƙe shi. Kada kuma a ɗaga ta da ƙafa ko da fiffike. Tun ana wurin, yana da kyau a kai ido kan sauran: wanda aka ga jini a bakinsa, ko wanda ke ta kai-komo yana bin 'yan uwansa da gudu, yawanci shi ne mai laifin, kuma za a buƙaci sanin sa daga baya.

Mataki na biyu shi ne tsayar da jini. Jinin tsuntsu bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, wato salwa mai nauyin giram 150 jininta duka bai fi cokali uku na shayi ba, kuma abin da za ta iya rasawa ba tare da ta jigata ba bai wuce kimanin sulusin cokali ɗaya ba. A sami bandeji ko tsumma mai tsabta, a ɗora a kan wurin, a danna a hankali na minti 3 zuwa 5 ba tare da an ɗaga ana leƙawa ba, domin kowane leƙe yana ɓalle gudan jinin da ya fara daskarewa. Auduga ba ta da kyau a nan, saboda zarenta yana maƙalewa a cikin rauni. Idan farce ne ya karye ko tsinin baki, ɗan garin fulawa ko na sitaci da aka danna a wurin yana taimakawa, amma ba a zuba gari a cikin buɗaɗɗen rauni. Idan kuwa sabon gashi ne mai fitowa ya karye, wanda har yanzu akwai jini a cikin karansa, to zai ci gaba da ɗiga kamar bututu. Sai a riƙe fatar wurin da yatsa, a kama gashin daga tushe da hantsaki, a cire shi ta fuskar da ya tsiro, sannan a danna ramin.

Da zarar jini ya tsaya, yawancin mutane sukan yi gaggawar wanke raunin, kuma a ganina wannan kuskure ne idan salwar ta galabaita. Alamar galabaita a bayyane take: ta kumbura gashinta, ta lumshe ido, ƙafafunta sun yi sanyi, an ajiye ta ba ta yunƙurin gudu. Irin wannan hutu da ɗumi take buƙata kafin komai, domin ƙarin juya ta a hannu yana iya ƙarasa ta. A sami kwali madaidaici, a huda masa ramukan shan iska a gefe, a shimfiɗa tsohon zane ko tawul a ƙasa. Kada a sa garin katako ko ƙaiƙayi ko yashi, duk suna mannewa a rauni. A rufe saman da zane ko gidan sauro maimakon abu mai tauri, saboda idan ta zabura kada ta sake buga kan da yake ciwo. A ajiye kwalin a wuri mai duhu-duhu da shiru, nesa da yara da kyanwa, a bar ta minti 30 zuwa awa ɗaya. Zafin jikin salwa yana kai wa digiri 41 zuwa 42, kuma ƙaramin jiki da ya zubar da jini ba ya iya riƙe wannan zafi, don haka ana so cikin kwalin ya kasance wajen digiri 30. Da hunturu ko cikin damina sai a cika gora da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma, a ajiye a gefe ɗaya na kwalin yadda salwar za ta iya matsowa ko ta ja da baya. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, matsalar juyewa take yi, inuwa da iska ake nema. Idan aka ga ta buɗe baki tana haki, ta saki fuka-fukai, zafi ya yi mata yawa. Ko da wane lokaci ne, kada a kusantar da ita da garwashi ko risho don ɗumi, domin hayaƙin da mutum bai ma ji shi ba yana kashe tsuntsu.

Bayan ta ɗan dawo hayyacinta, sai a duba ta a wuri mai haske daga kai zuwa ƙafa. A fara da kai da ƙeya, inda faɗa ya fi barin tabo, a duba idanu biyu, a ga ko bakin ya tsage ko ya goce, sannan a hura gashin baya da na wuya a ga fatar, a ɗaga fuka-fukai a hankali, a duba dubura, a ƙarshe a ajiye ta a ƙasa a ga ko tana taka ƙafafu biyu. Wannan dubawa tana kuma nuna ko faɗa ne da gaske. Raunin faɗa yakan kasance a kai, da ƙeya, da gefen ido, da baya. Idan aka ga an ci yatsun ƙafa ko an ja fiffike ta cikin ragar waya, ɓera ne ko wata dabba. Idan aka ga ƙananan huji masu zurfi, a yi zargin kyanwa, kuma wannan ba aikin gida ba ne: bakin kyanwa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da kan kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu ko da hujin bai kai a kula ba, don haka a kai ta wurin likitan dabbobi a ranar.

A nan ne kuma ake yanke shawara mafi nauyi. Raunin fata, ko da ya buɗe ƙashin kai, ana iya jinyarsa a gida matuƙar ƙashin bai fashe ba kuma salwar tana tsayawa da ƙafafunta. Amma idan ƙashin kai ya fashe, ko hanji ya fito, ko idanu biyu sun mutu, ko ƙashi ya karye ya huda fata, ko kuwa ta kasa ɗaga kai har bayan sa'o'i na hutu da ɗumi, to sai dai likita, kuma idan babu halin zuwa, yanka ta ya fi barin ta cikin azaba. Wanda zai yanka ya yanka tun kafin a ba ta wani magani, yadda naman zai ciwu. Na faɗi wannan ne domin na san yadda tausayi kan sa mutum ya riƙe tsuntsu kwana da kwanaki alhali ya san ba zai tashi ba.

Idan raunin na jinya ne, sai a zo ga wanki, kuma nan ne aikin yake. A wanke hannu da sabulu. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe, ba a tule ba, a bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. Wanda ke kusa da kemis yana iya sayen ruwan gishirin da ake ƙarin ruwa da shi a asibiti, shi ma daidai ne. A naɗe salwar da ƙaramin tawul a bar kanta kawai a waje, ko a sa wani ya riƙe. Da almakashi a rage gashin da ke kewaye da raunin, wanda zai riƙa kwantawa a ciki, amma kada a fige, domin figa tana ƙara yaga fata. Sannan a ja ruwan gishirin a sirinji marar allura, a riƙa zubawa a hankali a kan raunin har ƙasa da kashi da guntun gashi su fita. A karkatar da kanta yadda ruwan zai gangara ta ƙeya, kada ya shiga hanci ko baki. Busasshen jinin da ya manne a jiƙa shi ya saki da kansa, ba a kankare shi. Idan jini ya like ido, a ɗora masa jiƙaƙƙen bandeji na ɗan lokaci har fatar idon ta buɗe; sau da yawa idon da ake zaton ya mutu lafiyarsa ƙalau a ƙarƙashi.

Bayan wanki sai maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya fi sauƙin samu kuma ya fi aminci shi ne aidin mai ruwan ƙasa na wanke rauni, irin wanda ba a haɗa shi da sifirit ba, a sirka shi da tafasasshen ruwa har launinsa ya koma kamar shayi marar kauri, a ɗiɗɗiga da bandeji. A shagunan magungunan dabbobi akwai maganin feshi na rauni mai launin shuɗi ko shunayya, wanda yake da amfani biyu, yana kashe ƙwayoyin cuta yana kuma ɓoye jan launin da ke jawo sara. Sai dai kada a fesa shi kai tsaye a kan salwa, domin kan ƙarami ne kuma feshin zai shiga ido. A fesa a kan bandeji, sannan a shafa. Idan ƙashin kai a buɗe yake, ana so kada ya bushe ƙayau, don haka a shafa masa man rauni siriri sosai, ko zuma mai kyau ɗan kaɗan. Zuma tana aiki a rauni, amma a gidajenmu tana gayyatar kiyashi, don haka wanda ya yi amfani da ita ya ɗora kwalin a kan tebur, ya sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa.

Akwai abubuwan da aka saba gani ana shafa wa dabbobi waɗanda bai kamata su kusanci salwa ba. Baƙin man mota, da kananzir, da toka, da man goge baki, da maganin wanke bayan gida, duk suna ƙona naman da ake so ya tsiro, wasunsu kuma guba ne idan ta goga kai a jiki ta gyara gashinta da baki. Sifirit yana da zafi ƙwarai kuma yana busar da nama. Man shafawa mai yawa yana dunƙule gashi, gashin da ya dunƙule kuwa ba ya riƙe ɗumi. Haka nan ba a naɗe kan salwa da bandeji. Ba zai zauna ba, kuma za ta wahalar da kanta wajen ƙoƙarin cire shi da farce. Idan fatar kai ta yage amma tana nan a maƙale, kuma raunin sabo ne, a wanke ta a mayar da ita mazauninta, likita yana iya ɗinke ta cikin 'yan sa'o'in farko. Idan ta riga ta bushe ko babu ita, a bar wurin a buɗe, sabuwar fata za ta taho daga gefe-gefe ta rufe shi.

Ruwan sha ya fi abinci gaggawa. A sa shi a murfi marar zurfi, a zuba ɗan garin gishiri da sukari na kemis yadda aka rubuta a jikin takardarsa, ko sinadarin bitamin na kaji, na kwana biyu ko uku. Idan ba ta sha da kanta, a tsoma tsinin bakinta a ruwan na daƙiƙa ɗaya a sake ta ta haɗiye, ko a ɗiga digo ɗaya a gefen bakin. Kada a taɓa buɗe bakinta a tura ruwa da sirinji, domin ƙofar numfashinta tana nan a gindin harshe, kuma ruwan da ya shiga nan huhu zai tafi. Abinci kuwa a ba ta wanda ta saba da shi, a jiƙa shi ya yi laushi, a ƙara mata dafaffen ƙwai da aka murmushe, saboda gina sabuwar fata da gashi yana cin sinadarin gina jiki da yawa. Gara, irin wadda ake haƙo wa 'ya'yan zabi, tana tayar mata da sha'awar ci. Jiƙaƙƙen abinci yana saurin tsami da zafi, a canza shi safe da yamma. Idan idanunta sun kumbura ba ta gani, a riƙa kai bakinta ga abinci da ruwa sau da yawa a yini, a kuma bar mazuban a wuri ɗaya kullum.

Daga nan sai jinyar yau da gobe. A kwana ukun farko a wanke raunin sau biyu a yini, daga baya sau ɗaya, da zarar ɓawo ya rufe shi kuma sai a ƙyale shi, kada a ɓare. A canza shimfiɗa kullum, a duba kashinta, domin shi ne shaidar tana ci. Babban abokin gaba a wannan lokaci shi ne ƙuda, wanda idan ya sami rauni ya yi ƙwai, da zafi tsutsa na iya fitowa cikin kwana ɗaya. Shi ya sa gidan sauro a kan kwalin ba ado ba ne. Idan tsutsar ta riga ta shiga, a cire ta ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, a wanke da ruwan gishiri, a sake dubawa bayan 'yan sa'o'i. Bayan kwana biyu ko uku za a iya ganin fatar gefen raunin ta yi kore, kuma wannan yakan tsorata mutane su zaci ruɓewa ce, alhali haka kwanciyar jini take a jikin tsuntsu. Abin tsoro shi ne wari, da kumburi mai ƙaruwa, da daina cin abinci bayan ta fara, da komawa takure. Mugunyar tsuntsu ba ruwa-ruwa ba ce, dunƙulewa take yi kamar cuku, don haka matsawa ba ta fitar da ita. Wannan aikin likita ne.

Game da magungunan sha, ra'ayina shi ne kada mai kiwo ya yi gaban kansa. Rauni mai tsabta da ake wankewa yawanci ba ya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha, kuma idan ana buƙata, likitan dabbobi ne zai auna shi da nauyin tsuntsuwar da ba ta kai rubu'in kilo ba. Idan an ba ta, a tambayi kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwanta ko namanta, a kuma zubar da ƙwan da ta yi a tsakanin. Magungunan ciwon jiki na mutane kuwa a nisance su gaba ɗaya. Diklofenak, wanda ake sayarwa a kowane kemis, shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya daga shekarun 1990, ta hanyar lalata musu ƙoda bayan sun ci mushen shanun da aka yi wa allurarsa.

Tun salwar tana jinya ya kamata a koma kan kejin, domin idan ba a gyara abin da ya haddasa faɗan ba, wata ce za ta biyo bayanta. Mafi yawan lokuta maza ne suka yi yawa. Namiji ɗaya ya isa mata 4 ko 5. Idan mazan sun fi haka za su sari juna, idan kuma matan sun yi kaɗan, namijin zai riƙa kama ƙeyar mace ɗaya da baki wajen barbara har ya sale ta. A irin masu launin ƙasa ana gane namiji da ƙirjinsa mai ja-ja marar ɗigo, mace kuwa ƙirjinta ɗigo-ɗigo ne; a sauran launuka sai a matsa saman dubura a hankali, namijin da ya balaga yana fitar da farar kumfa. Wanda ƙwan ci kawai yake so ba ya ma buƙatar namiji. Sai cunkoso: a kiwon gida a ba kowace salwa fili kamar santimita 30 tsawo da 30 faɗi, a sa mazuban abinci da na ruwa fiye da ɗaya yadda mai ƙarfi ba zai tare su ba. Hasken awa 14 zuwa 16 ya isa ƙwai, barin fitila mai ƙarfi dare da rana kuwa yana tayar musu da hankali. Ciyar da su dusa da gero zalla ma yana jawo cin gashin juna, domin mai ƙwai tana buƙatar abinci mai sinadarin gina jiki kusan kashi 20 cikin 100. A ajiye musu kwanon yashi na wanka, da ɗan kwali ko tukunyar da aka kwantar inda wadda ake bi za ta ɓuya. Shi kuwa mai saran, a ware shi na mako guda. Idan ya dawo ya sake zubar da jini, halinsa ne, tukunya ta fi dacewa da shi, kuma ba a ɗaukar iri daga gare shi.

Ƙaramin rauni yakan rufe cikin mako ɗaya, wanda ya sale fatar kai kuwa yakan ɗauki mako 3 zuwa 4, wani lokaci gashi ba ya sake tsirowa a wurin, kuma wannan ba ya hana ta ƙwai. Salwa ba ta son kaɗaici, don haka da zarar ɓawo ya yi ƙarfi a matso da ita inda za ta ji muryar sauran, ko a haɗa ta da mace guda mai sanyin hali, ana lura da su. Kada a mayar da ita cikin garken sai ɓawon ya faɗi da kansa, babu sauran ja a wurin. Ko a lokacin ma ba a jefa ta kai tsaye, domin bayan makonni sun manta da ita, baƙuwa za su ɗauke ta. A sa ta a ƙaramin keji a jikin nasu, ko a raba kejin da ragar waya, su yi kwana 3 zuwa 5 suna ganin juna ba tare da baki ya kai ba. Ranar haɗawa a share kejin, a canza wa mazubai wuri, a watsa ɗan ganyen zogale ko latas da zai ɗauke musu hankali, a saka ta da magariba lokacin da suka lafa. Washegari mai kiwo ya riga su tashi, ya tsaya a bakin kejin na awa guda yana kallo. 'Yar kora da sara ɗaya ko biyu ba komai ba ne, haka suke sake tsara girma a tsakaninsu. Amma idan aka ga ana bin ta ba ƙaƙƙautawa, ko ana nufin tsohon tabon, a fitar da ita a mayar bayan raga, a ƙara mata wasu kwanaki kafin a sake gwadawa.